Hoton Yaro Na Wane Ne?

Jama'a masu saurarenmu a Jega da Aliero da Maiyama, da ƙauyukan da muryarmu ke kaiwa, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi wata ɗabi'a da ta shigo mana gida ba sallama, ta samu tabarma ta zauna, har mun daina yi mata kallon baƙuwa, wato ɗora hotunan yara ƙanana a Facebook da TikTok da sitatus na WhatsApp. Kafin mu shiga ciki, mu tuna yadda iyayenmu suka riƙi jariri. Idan aka haihu, uba ko kaka ya yi wa yaro huɗuba a kunne, sunan ya zauna a bakin mutum biyu ko uku har ranar bakwai, sannan liman ya raɗa shi a gaban jama'a. Mai jego ba ta yawo da ɗanta sai ta yi arba'in. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko an yabe shi a gabanta ma sai ta kawar da kai. Gidan kansa an gina shi da zaure, inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama, a fito a ga ko wane ne kafin a ce ya shigo. Ko mutum ya yarda da dalilan waɗannan al'adu ko bai yarda ba, abu guda suke faɗa, cewa ba kowane ido ne ke da haƙƙin kaiwa ga yaro ba. Yau kuwa kafin ungozoma ta gama wanke hannu hoton jariri ya fita, da sunan uwa da uba, da sunan asibiti, da sa'ar da aka haife shi, ya isa wayar mutanen da maigidan ba zai bari su wuce zaurensa ba.

Ba hukuncin ɗaukar hoto nake so mu tattauna ba. Wannan fagen malamai ne, kuma sun yi magana. Tambayata ita ce, hoton yaro na wane ne? Amsar da nake ganin ita ce daidai, na yaron ne. Fuskarsa ce, sunansa ne, kuma shi zai rayu da abin da hoton ya haifar bayan mu mun kwanta dama. Uwa da uba wakilai ne, kuma shari'armu ta daɗe da koya mana yadda wakili ke riƙon abin yaro. Wanda aka damƙa wa gonar maraya ko shanunsa ba shi da ikon ya yi kyauta da su don a yaba masa, ko ya ara wa aboki don su ƙara ɗasawa. Ba ya taɓa su sai inda amfanin zai koma kan yaron, har ya girma ya karɓi abinsa. Da wannan mudun ya kamata a auna hoto. Duk lokacin da yatsa ya kai wurin turawa, a tambayi zuciya, wa zai amfana? Idan aka yi wa kai adalci, mafi yawan lokuta amfanin na babba ne. Shi ke jin daɗin "Masha Allah" da ake jerawa a ƙarƙashin hoton, shi ke son a san an yi wa yara ɗinki mai tsada da sallah. Yaron ba ya karanta ko ɗaya. Rabonsa shi ne kasadar, kuma ba a shawarce shi ba.

Al'amarin hoto ma ya fi na gona tsanani ta wata fuskar. Gona idan an yi kuskuren sayar da ita, alƙali na iya warware cinikin, amma hoto ba ya dawowa. Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Yarinya 'yar shekara 11 ta yi sauka a Islamiyya. An yi mata lalle, ta sa hijabin makaranta mai bajo a ƙirji, ta rungume allo mai zayyana, an tsayar da ita a ƙofar gida an ɗauka. Mahaifiyarta ta sa a sitatus da cikakken sunanta, tana cewa ai awa 24 ne, zai goge da kansa. A cikin awa 24 ɗin nan ƙanwar miji ta yi sikirinshot ta jefa a guruf na dangi. Wani daga can ya tura guruf na tsofaffin ɗalibai, kuma guruf guda na WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024. Wani kuma ya ɗora a Facebook, inda mutum ɗaya kan tara abokai har 5,000 waɗanda bai taɓa musabaha da rubu'insu ba. Ban da wannan, wayar da hoton ke ciki takan wuni a shagon mai caji idan babu wuta, takan kwana wurin mai gyara, ana haɗa ta da wasu wayoyi ta Xender don tura fim, wata rana kuma a sayar da ita a kasuwar Jega ba tare da an share komai ba. Jega kuwa mararraba ce, hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri duk nan suke haɗuwa, wayar da aka saya yau gobe tana Kwantagora. Uwar ta goge hoton, amma nata kaɗai ta goge.

Sai kuma abin da hoton ke faɗa ba da baki ba. Wasu sun ji cewa waya na ɓoye bayanin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa. Gaskiya ne, ko da yake WhatsApp kan cire wannan bayani idan an tura ta hanyar da aka saba. Ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke bayyane ya wadatar. Bajo ya faɗi makaranta, launin ƙofa da lambar mota sun faɗi gida, rubutun da ke ƙasa ya faɗi suna da ranar haihuwa, gwal ɗin da ke kunnen yarinya ya faɗi ƙarfin mahaifinta. A nan wani zai ce, ai masu satar yara ba su jira zuwan Facebook ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan musa ta ba. Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021, ba baƙo daga intanet ne ya ɗauke ta ba. Abdulmalik Tanko ne, mai makarantar da take karatu, wanda babbar kotun jihar ta yanke wa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. 'Yan bindigar da suka faɗa wa kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021 su ma ba hoton kowa suka bi ba. Amma a duba abin da labarin Hanifa ke nunawa da kyau. Da ɗan gari kan ci gari. Cuta ta fi zuwa daga wanda ya san yaron, ya san hanyarsa, ya san abin da uban zai iya biya. To su wa ke kallon sitatus ɗinka? Ba Bature ba ne a Ingila. Mutanen da kuka yi musayar lamba ne, tsohon yaron shagon da kuka rabu baram-baram, da ɗan kabu-kabun da ya taɓa kawo maka kaya gida, da wanda kuka yi cinikin buhun albasa sau ɗaya tak a Aliero. A wannan yanki namu kalmar infoma ta shiga bakin kowa, kuma aikin infoma shi ne tattara bayani a kan wa ke da shi, ina yake kwana, ta ina 'ya'yansa ke bi. Ba na cewa kowane hoto na jawo ɓarawo. Wanda ke kulle ƙofarsa da dare ma ba don ya tabbata ɓarawo zai zo a daren ba ne yake kullewa.

Akwai hatsari na biyu, sabo ne, shi ya sa dattawa da yawa ba su san da shi ba. A da, mai son gurɓata hoto sai ya ƙware da kwamfuta. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za a ba su hoton mutum cikin suturarsa, su fitar da shi tsirara nan take, da fuskarsa yadda Allah Ya yi ta. A watan Satumba na 2023, a wani ƙaramin gari na ƙasar Sifaniya mai suna Almendralejo, 'yan mata sama da 20, daga masu shekara 11 zuwa 17, suka wayi gari hotunansu na tsiraici suna yawo a wayoyin 'yan makaranta. Babu wadda ta taɓa ɗaukar irin wannan hoto a cikinsu. Hotunansu na yau da kullum aka ɗebo daga shafukan sada zumunta, kuma samarin garin ne suka yi aikin, har kotu ta hukunta 15 daga cikinsu a shekarar da ta biyo baya. A 2024 kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta leƙa wani rumbun hotuna mai suna LAION-5B, wanda ya ƙunshi hotuna sama da biliyan biyar da aka tsinto daga intanet don horar da irin waɗannan manhajoji. Ɗan tsagi kaɗan ta duba, amma ta tarar da hotunan yara 170 na ƙasar Birazil da 190 na Ostareliya, wasu har da sunayensu da wuraren da aka ɗauke su. Da yawa daga ciki iyaye ne ko makarantu suka ɗora su shekaru da suka wuce, tun kafin a san za a ƙirƙiro abin da zai haɗiye su.

A Sifaniya iyaye mata sun haɗa kai sun kai ƙara, jama'a kuma ta gaskata 'ya'yansu. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, idan irin wannan hoto ya ɓulla a Maiyama ko Sabiyal ko Kimba, na yarinyar da aka riga aka kawo wa kuɗin gaisuwa, dattijo nawa ne zai yarda cewa na'ura ce ta ƙera shi? Wa zai bi gida-gida yana bayani? Mu al'umma ce da ake bincike kafin aure, ana tambayar maƙwabta da malamin unguwa, kuma mun san mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Kada kuma a ce abin nesa yake da mu. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ake amfani da su wajen tsoratar da mutane da hotunan tsiraici don a tatsi kuɗi. A watan Satumba na shekarar, wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta ɗaure wasu 'yan uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowanne, bayan wani yaro ɗan shekara 17 da suka takura wa ta wannan hanya ya kashe kansa. Sana'ar tana cikin ƙasarmu, kuma jarinta hoto ne da sanin dangin wanda za a tsoratar. 'Yan damfara na yau da kullum ma ba su bar hoton yara ba. Sukan ɗauko hoton yaro mara lafiya daga shafin wani, su manna masa sabon labari da lambar asusunsu, masu tausayi su yi ta turawa, iyayen yaron ba su ma san ana bara da fuskar ɗansu ba.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba hoton ɗan mai hali cikin shadda ba ne. Shi aƙalla a ranar farin cikinsa aka ɗauke shi. Yaran da muka fi ɗauka ba izini su ne waɗanda ba su da mai cewa a'a a madadinsu. Ku duba watan azumi, yadda ake jera almajirai da robobinsu, a miƙa wa kowanne ƙullin abinci, a ce ya ɗago kai ya kalli waya. Yaron yunwa ta kawo shi, iyayensa suna wani gari, malaminsa ba ya wurin. Sadakar kuwa an riga an karɓi kuɗinta daga fuskarsa. Tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa a babban asibitin Maiyama, iyaye mata suna tahowa daga nesa da goyonsu, wannan kaɗai ya isa ya nuna mana yawan gidajen da ke cikin ƙunci a yankinmu. Ma'aikatan lafiya suna da ƙa'idar neman izini kafin a ɗauki mara lafiya. Amma mai waya a hannu da ya shiga ƙauye da buhun shinkafa ba shi da wata ƙa'ida sai imaninsa. Zai ce ai na tambayi uwar ta ce to. Wace irin "to" ce wannan? Matar da ɗanta ke kwance, haƙarƙarinsa a waje, gashinsa ya yi ja, ga mutum tsaye da abinci a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ta yaya za ta ce a'a? Idan Allah Ya raya yaron nan, bayan shekara goma sha biyu yana sakandare, hoton yana nan, kuma abokan karatunsa suna da waya. Mun san yadda laƙabi ke manne wa mutum a garuruwanmu. Abin da ya same ka kana ɗan shekara uku ana iya kiranka da shi har ka yi furfura, tun ma lokacin da babu hoto ke nan.

Haka yaron da aka kama da zargin sata a kasuwa, aka ɗaure masa hannu ana ɗauka ana tambayarsa sunan ubansa da unguwarsu. Haka yaron da ake yi wa ɗori yana ihu, da wanda ya yi fitsarin kwance aka sa shi ya ɗauki tabarmar, da wanda ake koya wa ashar don a samu masu kallo a TikTok. Mafi muni, yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wani mai kishin gaskiya ya ɗora fuskarta da sunan ƙauyensu yana neman a bi mata haƙƙi. Niyyarsa mai kyau ce, ba na shakka. Amma mai laifin zai iya gama zaman kaso ya sauya gari, ita kuwa a ƙauyen za ta girma, a nan za a nemi aurenta. Ana iya bin haƙƙin yarinya har kotu ba tare da an nuna wa duniya fuskarta ba, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita kanta ta hana bayyana yaron da shari'a ta shafa. Wasu kan kafa hujja da yarinyar nan ta Sapele a jihar Delta, wadda aka ɗauka a 2019 tana ƙorafin an kore ta daga makaranta saboda kuɗi, bidiyon ya zagaya ƙasa, taimako ya yi ta zuwa. Hakan ta faru. Amma dalilin da ya sa har yau ake tuna ta shi ne irinta ba su da yawa. Sauran yaran da aka watsa, an yi dariya ko an yi tsaki an wuce, ba abin da ya iso gidajensu.

To cigiya fa? Neman taimakon asibiti fa? Wannan ita ce hujja mafi nauyi da masu ɗora hoto ke da ita, kuma mudun da muka ɗauko tun farko bai ƙi ta ba. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun ceto yara tara da aka sace daga unguwannin Kano, aka tarar da yawancinsu a Anaca ta jihar Anambra, an sauya musu suna, wasu Hausar ma ta kuɓuce musu. Wanda ya jagoranci satar, Paul Owne, an yanke masa ɗaurin shekara 104 a 2021. A irin wannan hali hoton yaro shi ne makamin iyayensa, kuma kowane gida ya kamata ya ajiye sabon hoton kowane yaro, wanda fuska ta fito sosai, saboda rana irin wannan, Allah Ya kiyaye. Idan yaro ya ɓata, amfanin watsa hotonsa nasa ne, don haka a watsa. Sai dai ajiye hoto daban, baje shi kullum daban. Kuma cigiya tana da ƙarshe. Idan an ga yaro a sanar, a sauke hoton, a roƙi waɗanda suka tura su sauke. Sau nawa muke ganin cigiyar yaron da aka gani tun bara tana sake dawowa, da lambar wayar mahaifinsa a jiki, macuta suna kiransa suna cewa yaron na hannunsu? Neman taimakon magani shi ma yana yiwuwa da takardar likita da shaidar limami ko mai unguwa, a rufe fuskar yaro da al'aurarsa. Mai niyyar taimako don Allah ba sai ya ga hawayen yaro zai sa hannu a aljihu ba.

Wata uwa za ta ce, malam, farin ciki ne, godiya ce ga Allah, kuma yayana yana Legas, kakarsu tana Gaya, ƙanwata tana aure a Yamai, ta yaya za su ga yara? Iyayenmu mata, babu mai raba ku da wannan daɗin, zumunci kuwa ibada ne. Amma kai wa kaka jikanta ta gani ba ɗaya yake da tsayar da shi a tashar mota kowa ya kalla ba. Ana iya tura hoto kai tsaye ga wanda aka nufa, a gaya masa kada ya wuce nan. WhatsApp yana ba mutum damar ya zaɓi waɗanda za su ga sitatus ɗinsa, Facebook ma haka, aikin minti biyu ne, kuma kusan kowane gida yanzu akwai ɗalibin jami'ar Aliero ko na kwalejin lafiya ta Jega da zai iya nuna yadda ake yi. Ku da kuke tofa wa yara addu'a safe da yamma saboda tsoron kambun baka da hassada, idon da kuke tsoro yana cikin waya fiye da yadda yake a kan titi. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya hana ɗansa Yusuf ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa, alhali jininsa ne, gida ɗaya suke kwana. Ba kowace ni'ima ake nuna wa kowa ba, kuma ɓoye ta ba butulci ba ne. Ga masu cewa Allah ke tsarewa, gaskiya suka faɗa, Shi ke tsarewa. Amma manomin albasa a Aliero bai taɓa fasa ban-ruwa ba don ya yi imani da ƙaddara. Masu cewa ai aikin gama ya gama, mun riga mun ɗora da yawa, su ma su sani abin da ya fita ba duka zai dawo ba, amma ana iya goge wanda ke hannu, a toshe bakin tulun don sauran ruwan.

Doka fa, me ta ce? A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, kuma ta wajabta wa duk mai tattara bayanan yaro ya nemi yardar iyayensa ko waliyyinsa. Hoton da za a gane mutum da shi yana cikin bayanansa. Wannan ya shafi makarantu masu zaman kansu da ke buga fuskokin ɗalibai a allon talla da shafukansu don jawo sababbin iyaye, ya shafi ƙungiyoyin agaji da ofisoshin 'yan siyasa. Amma dokar ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ke yi a harkar gidansa, wato ta ɗauka cewa uwa da uba su ne masu gadin ƙofa, ba ta yi tanadi sosai ba ga ranar da mai gadin ne ya buɗe ta. Faransa ta lura da wannan giɓi, a watan Fabrairu na 2024 ta yi dokar da ta sa kare hoton yaro cikin nauyin da ke kan iyaye biyu tare, har alƙali na iya hana ɗayansu ɗora hoton idan ɗayan bai yarda ba. Ba na tsammanin irin wannan doka za ta iso mu nan kusa, ko ta iso ma ba na jin mace a Mungadi za ta kai mijinta kotu a kan sitatus. Abin da ke aiki a wurinmu shi ne maganar manya.

Don haka ga manyan nake miƙa kokena. Kakar da ke karɓar jariri ranar haihuwa tana da ikon ta ce wa 'yan barka su mayar da waya jaka, kuma babu mai musa mata. Limamin da ke raɗa suna, bayan addu'a, zai iya ƙara jumla ɗaya a kan wannan, a gaban mazan da ke riƙe da wayoyin. Masu rabon abinci da azumi su ɗauki hoton tukwane da buhuna idan shaida suke nema ga waɗanda suka ba da kuɗi, su bar yaran su ci abincinsu kansu a sunkuye. Yaron da ya kai shekara shida ko bakwai kuma a riƙa tambayarsa. Da yawansu suna ba da amsa tun ba a tambaya ba, sukan sa hannu su rufe fuska idan an ɗaga waya, sai babba ya janye hannun ya ce tsaya mana. A daina janye hannun. Shugabannin Islamiyyu da na makarantun boko na Jega da Aliero da Maiyama kuwa, kafin walimar sauka ko bikin yaye ɗalibai na gaba, su aika wa kowane gida takarda da Hausa ko ajami, a tambayi uba da uwa ko sun yarda a ɗora hoton ɗansu a shafin makaranta. Wanda ya ce a'a, a ɗauki ɗansa shi kaɗai a ba shi hotonsa ya kai gida, kada kuma a rage masa komai a wurin bikin.